Takardu Bakwai a Ninke

Mutumin da ake kira Alƙalin Littafi maƙaryaci ne, kuma ɓarawo. Shekara ashirin da uku yana zama a gidan rediyo duk safiyar Asabar yana yanke wa littattafan mutane hukunci, wannan ya ce zinariya, wancan ya ce shara, alhali tun da aka ba shi shirin bai karanta littafi ɗaya daga bango zuwa bango ba. Murya ce da shi, mai kauri, mai daɗin saurare, ita kaɗai ce tasa. Sauran duk na matarsa ne.

Ita ma ba za a wanke ta tas ba, don mai riƙe wa ɓarawo tsani ya san inda aka dosa. Malama ake ce mata, saboda ta koyar a makarantar firamare har ta yi ritaya. Da farko taimako ne: an ba shi aiki, littattafai sun yi masa yawa, ta ce kawo in duba maka ɗaya. Daga ɗaya aka koma duka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, domin karatu shi ne abin da take so a duniya, ga shi ana kawo mata shi har gida.

Ga yadda suke yi. Ranar Litinin masinja ya kawo ƙunshi daga gidan rediyo, Alƙali ya ajiye a kan ƙaramin teburinta da ke gindin taga. Ta karanta zuwa Juma'a. Tana da gwangwanin da take tara guntayen takarda, waɗanda take yankowa daga tsohuwar kalanda. Inda marubuci ya yi abin kirki, ta saƙala takarda a miƙe. Inda ya yi shirme, ta ninke takardar biyu ta saƙala. Safiyar Asabar ya ɗauki littafin ya tafi. In ya buɗe wurin miƙaƙƙiya sai ya karanto ya yaba, in ya buɗe wurin ninkakkiya sai ya karanto ya yi ba'a. A da takan rubuta masa 'yan kalmomi a jikin takardun da fensir. Da idonta ya fara rauni ta daina, shi ma ya daina buɗe su. Bakinsa ya riga ya saba da aikin.

Ciwon hawan jinin ido ne. Likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage wa sauran gudu. Na hagu ya riga ya rufe. Da na dama take lallaɓawa, da gilashin ƙara girman rubutu, kalma-kalma kamar mai tsintar tsakuwa.

A irin wannan hali littafin wani direba ya zo. Siriri ne, bangonsa ruwan toka, waƙoƙi arba'in. A bayansa an rubuta cewa mai shi direban motar asibiti ne, ya yi shekara goma sha tara yana rubuta su a lokutan da yake jiran a fito da mara lafiya. Takardu bakwai ta tarar an saƙala a ciki, duk a ninke. Ta buɗe ɗaya, ta kai gilashi. Da biro aka rubuta, rubutu mai tsabta: "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, wannan shafi kuskuren maɗaba'a ne. Don Allah a tsallake shi." Ta duba shafukan. A wasu an haɗa kan wata waƙa da gindin wata. Ɗaya kuwa ba na littafin ba ne sam, shafi ne na bayanin yadda ake aiki da injin ban ruwa, wanda mai ɗab'i ya cusa cikin ganganci. Direban ne ya rubuta takardun, ya ninke su don kada su zame.

Ta mayar da su yadda suke, da niyyar in ta gama ta cire su ta sa nata. Sai ta fara daga farko.

Kwana uku ta yi a kan waƙa goma sha ɗaya. Ba wuya suka yi mata ba, ido ne ke yin ruwa, kuma kowace ta gama sai ta ajiye gilashin ta zauna tana kallon bango. Ta karanta littattafai sun fi dubu a kan wannan teburin. Yawancinsu masu su sun rubuta ne don a ce sun rubuta. Wannan kuwa mutum ne da ya ga abu, ya faɗe shi, ya yi shiru.

Ranar Alhamis da rana Alƙali na tsaye gaban madubi yana rage gashin baki da almakashi, ta ce, "Maigida, zo ka ji wani abu."

"Ina ji daga nan, Malama. Kunne ba ya buƙatar kujera."

Ta karanto masa, a hankali, yatsanta na bin layi:

"Na kashe jiniya a tsakiyar gada.
Ba wanda ya ce in kashe.
Matar da ke baya ta daina kiran sunansa,
sai na san sauri ya ƙare.
Na tsaya wa jar fitila
kamar kowa."

Ya jira ya ji ko da saura. Da bai ji ba ya ce, "Shi ke nan? Ina ƙafiya, ina kari? Wannan ai rahoton hatsari ne aka karya wa ƙafafu. Yaran zamani, da sun sare layi a tsakiya sai su ce waƙa."

"Ba yaro ba ne. Kuma ka saurara mana, na tsaya wa jar fitila kamar kowa. Ba ka ji abin da ya faru a bayan motar ba?"

"Na ji an bi dokar hanya. Madalla."

Ta ajiye gilashin. "Idona ba zai kai ni ƙarshen littafin nan ba kafin Asabar. Saura ashirin da tara. Ka zauna ka karanta mini, awa biyu ta isa. Kai ne mai muryar da gari ke saurare, ni ban taɓa samun rabona ba."

Ya yi dariya, ya kaɗe gashi daga ƙirjin rigarsa. "Haba Malama, idonki ko shaho albarka. Tun da aka ba ni shirin nan kike cewa ba za ki gama ba, kuma kina gamawa. Ina da taron marubuta da la'asar, ni ne babban baƙo."

Ranar Juma'a ranar asibitinta ce. Aka ɗiga mata maganin da ke buɗe ƙwayar ido, ta dawo gida komai ya zama hazo, ko fuskar agogo ba ta gani. Ta same shi yana waya, ta tsaya a kansa har ya ɗago.

"Kada ka ɗauki littafin direban nan gobe. Ban gama ba. Ka ce su maimaita tsohon shiri."

Ya ɗaga mata hannu, ya ce to, to, ya koma wayarsa. Ba ta yi masa bayanin takardun ba. Ta ɗauka to ɗin nan ta isa, kuma wannan kuskurenta ne, don ta fi kowa sanin nauyin to ɗinsa.

Da safe tana banɗaki ya leƙa teburin. Ya ga takardu bakwai sun leƙo daga littafin, duk a ninke, ba miƙaƙƙiya ko ɗaya. Ya ce a ransa ashe ta gama, kuma ashe da ta yi nisa ta dawo hanya. Ya sa a jaka ya fita. Da zai buɗe ko ɗaya, da ya ga biro ne ba fensir ba, da ya ga ba takardar kalanda ba ce. Amma mutumin da bai buɗe littafi ba ina zai buɗe guntuwar takarda?

Tana wanke kofuna a kicin ta kunna rediyo, don ta ji wane tsohon shiri za su sa. Sai ta ji shi, sabo fil, cikin nishaɗi.

"Jama'a, yau wani bawan Allah ne ya bar sitiyari ya kama alƙalami. Da ma ya riƙe sitiyarin."

Kofi ya suɓuce mata cikin ruwa. Ta laluba zuwa tebur, ta shafa, ba littafi. Ta laluba waya ta kira shi, a kashe, haka dokar ɗakin watsa shiri take. Ta tsaya a tsakar ɗaki, hannu na ɗigar kumfa, tana ji yana karanto shafin da aka haɗa kan wata waƙa da gindin wata, yana tsayawa a mahaɗar yana cewa, "Wanda ya gane, ya bugo ya fahimtar da mu." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na bakwai ya ajiye don rufewa.

"Ga kuma sarauniyarsu. Ku gyara zama ku ji waƙar zamani." Ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya. "A tabbatar an zuba mai kafin a tayar da inji. Kada a bari tiyo ya lanƙwashe. In ruwa ya ƙi fitowa, a duba ko iska ta shiga." Sai ya fashe da dariya, har ana jiyo ta mai kula da na'ura a bayansa. "Iska kam ta shiga, malam direba. Ta shiga sosai."

Da ya dawo ya jefa littafin a kan tebur yana fito. Ba ta ce masa sannu da zuwa ba. Ta zare takarda ɗaya ta miƙa masa.

"Buɗe."

Ya buɗe, ya karanta. Ta ji fiton ya tsaya.

"To laifin wa?" ya ce bayan ɗan lokaci. "Wa ya ce ya ninke? Kuma ke da kika gani, me ya hana ki cirewa?"

"Na ce maka kada ka ɗauka."

"Kin ce ba ki gama ba. Kullum haka kike cewa."

"Asabar mai zuwa ka faɗa wa mutane kuskure aka yi. Ka karanta musu ta gadar nan. Shi ke nan abin da nake roƙo."

"In ce me? In ce Alƙalin Littafi bai bambance waƙa da takardar inji ba? So kike a yi mini dariya a gari?"

"Shi fa da ake yi wa yanzu?"

"Direba ne, Malama. Gobe zai tayar da motarsa, ba abin da ya ragu a jikinsa. Ni suna gare ni." Ya cire hula ya rataye. "Alƙali ba ya janye hukunci. Kawo abinci."

Ta ba shi mako biyu, ko zuciyarsa za ta motsa. Asabar biyu suka wuce, ya maimaita tsofaffin shirye-shirye, don ta daina taɓa ƙunshin Litinin. Ranar Talata ta uku ta sa littafin a jaka, ta hau mota zuwa babban asibiti, ta tambayi inda motocin ɗaukar marasa lafiya ke tsayawa. Can bayan ɗakin wanki ne, fili mai warin man dizal da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wasu mutum biyu na zaune a kan benci.

"Sannunku. Direban da ya rubuta littafi nake nema."

Suka dubi juna. Ɗaya ya ɗaga murya, "Injin Ban Ruwa! Fito, ga masoyiya ta zo. A duba ko iska ta shiga!"

Wani mutum ya sauko daga bayan mota da bokiti da tsumma. Ba ta ga fuskarsa sosai ba, sai furfura a gefen kai da kafaɗu da suka ranƙwafa. Ya gaishe ta da ladabi, ya juya mata wani bokiti ta zauna a inuwar motar.

"Ni matar Alƙalin Littafi ce," ta ce.

Ya matse tsumman, ya shanya a bakin ƙofa. "Allah sarki. Ya aiko ki ne, Hajiya?"

"Bai san na zo ba. Na zo in gaya maka bai karanta littafinka ba. Ni na karanta, goma sha ɗaya daga ciki, kuma ban ga kamarsu ba da daɗewa."

"Na gode."

"Ba godiya na zo nema ba, ɗan'uwa. Za a gyara. Zan je gidan rediyon da kaina."

Ya zauna a kan matakin motar. Ya ce ranar da aka yi shirin ya tara iyalinsa tun da sassafe, matarsa da 'ya'yansa huɗu da surukinsa, har maƙwabta ya kira, aka fito da rediyo tsakar gida. Ya ce babbar 'yarsa ce ta tashi ta kashe, amma sai da aka kai ga tiyo. Mai kantin littattafai ya aiko a zo a kwashe kwalayen, wai masu shigowa sai su ɗauka su buɗe shafin inji su yi dariya su ajiye.

"Ina kwalayen?"

"Na ba masu sayar da kaya a bakin ƙofar asibiti. Suna neman takardar naɗi. Ai gara ta yi amfani."

"Duka?"

"Duka ɗari uku. Har littattafan da nake rubutu a ciki, da nake ajiyewa a aljihun mota. Yanzu in ina jira, barci nake yi. Ashe ya fi lafiya."

Sai ta fara karanto masa da ka. Na kashe jiniya a tsakiyar gada, ba wanda ya ce in kashe.

"Hajiya, don Allah bari." Bai ɗaga murya ba. "Matar nan har yau nakan gan ta, tana sayar da lemo a tasha. Shekara shida ina juya layukan nan kafin su zauna. Na ɗauka in wanda ya san abin ya ji, zai ce e, haka ne. Shi ke nan abin da na nema, mutum ɗaya ya ce haka ne."

"Ga ni na ce."

"Kin ce, Allah ya saka. Sai dai ke a bayan ɗakin wanki kika faɗa, shi kuwa gari ya faɗa wa."

Aka kira shi daga ciki, ana neman mota. Ya ɗauke tsumma, ya rufe ƙofar baya, ya tafi. Ta ji jiniyar ta tashi bayan ya fita ƙofa.

A bakin ƙofar ta sayi sabulu da ba ta buƙata. Aka naɗe mata a takarda mai gajerun layuka. Ta warware, ta kai har kan hancinta, cikin hasken rana tsaka, ba ta iya fitar da komai ba sai lambar shafi.

Daga nan gidan rediyo ta nufa. Shugabar shirye-shirye mace ce da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba, ta taso da fara'a tana cewa, "Mama, yau ke ce a ofishinmu? Ina Baba Alƙali?" Malama ta ajiye littafin a kan tebur, ta ce ta buɗe takardun. Shugabar ta buɗe ɗaya, ta buɗe biyu, fara'ar ta ɗauke. Sai Malama ta fito da gwangwanin guntayen kalanda ta ajiye kusa da shi, ta ba ta labari tun daga farkon shekara ashirin da uku, ba ta rage nata laifin ba.

"Mama, kin san abin da wannan zai jawo masa?"

"Na sani, 'yata. Abin da nake so, a karanta waƙar mutumin nan daidai, mutane su ji."

Washegari aka kira Alƙali ofis. Shugabar ta jera masa littattafai biyar da ya yaba a bara, ba takarda ko ɗaya a cikinsu, ta ce ya zaɓi wanda ya ga dama ya gaya mata yadda ya ƙare. Ya yi magana ta kusan rabin awa a kan matsayin adabi a rayuwar al'umma. Ta bar shi ya gama, ta sake tambaya. Ya ɗauki hularsa.

An karanta gyaran, gaskiya ne. Wani mai karanta sanarwa ya karanto shi cikin minti biyu, tsakanin tallar katifa da sakamakon ƙwallo, ya bi ta kan waƙar gadar da gudu kamar mai karanta jerin sunaye. Malama ta ji. Ba ta san ko direban ya ji ba. Abokan aikinsa dai ba su canza masa suna ba, domin dariya ta fi gyara saurin tafiya, kuma ba ta dawowa. Littafi ɗaya da ya rage shugabar ta riƙe don nuna wa na sama da ita. Da Malama ta aika a karɓo, aka ce an sauya ofis, an duba ba a gani ba. Kafin shekara ta zagayo idon dama ya bi na hagu. Waƙa goma sha ɗaya ke kanta, takan maimaita su a gindin taga, ashirin da tara kuwa ba ta san abin da suka ce ba, kuma ba mai gaya mata.

Shi kuwa Alƙali, an cire shi daga shirin, an faɗi dalili a rediyo sau uku. Ƙungiyar marubuta ta soke sunansa, masu littattafai suka riƙa aikowa ana karɓe nasu har kantocin ɗakinsa suka zama wayam. Yana nan da ransa da muryarsa, a gida ɗaya da matar da ba ta ƙara ce masa zo ka ji wani abu ba. Tun daga ranar ba wanda ya sake tambayarsa ra'ayinsa a kan komai.